Kyauta Ita Ma Magana Ce

Karatu: Yohanna 1:43-51, Yakubu 2:1-9.

A wannan wata muna so mu yi tunani tare a kan wani abu ƙarami wanda ya kan jawo babban ɓacin zuciya, watau kyautar da a kan ba abokin aiki ran tunawa da haihuwarsa.

A ƙasar Amurka wannan al'ada ta yi ƙarfi ƙwarai a wuraren aiki. In ranar haihuwar wani ma'aikaci ta kewayo, abokan aikinsa su kan yi karo-karo, su sayi kek da kati, kowa ya sa hannu a katin, su haɗa da wata 'yar kyauta. Sa'an nan su taru kaɗan lokacin hutu, su yi masa murna. Abin kirki ne, ba mu ga laifinsa ba. Amma a ofis guda a can za ka tarar da farar fata, da baƙar fata, da wanda iyayensa suka zo daga Meksiko, da wanda kakanninsa suka zo daga ƙasar Sin. To, a ce ranar baƙin nan ta zo, aka naɗe masa kankana. Ranar na Meksiko ta zo, aka ba shi babbar malafa irin wadda a ke zana mutanen ƙasarsu da ita. Ranar na Sin ta zo, aka miƙa masa tsinken cin abinci. Farar fatar kuwa, da ranarsa ta zo, aka saya masa littafi, domin kowa ya san yana son karatu. Shin waɗannan ukun kyauta aka yi musu, ko kuwa wani abu dabam?

Amsarmu ita ce, i, kyauta tana iya ɗaukar raini. Gama kyauta ita ma magana ce. Sa'ad da ka miƙa wa mutum abu, kana gaya masa abin da ka gani da ka dube shi. An dubi mutum ɗaya aka ga mai son karatu. An dubi sauran ukun, ba a ga kome ba sai launin fata da asali. Wannan shi ne abin da Bahaushe ke ce wa kuɗin goro, watau a haɗa jama'a duka a yi musu farashi ɗaya, ba a duba babba da ƙarami, ko mai kyau da mai tsutsa.

Yadda kankana ta zama zagi

Mai karatu zai ce, mene ne laifin kankana? Ba ta da laifi ko kaɗan. Halittar Allah ce mai kyau, mu kan sha ta da bazara mu gode masa. Masana tsire-tsire sun nuna asalinta ma Afirka ne, an kuwa ga zanenta a kaburburan Masar na shekara fiye da 4,000 da suka wuce. Cikin Littafin Lissafi, watau Ƙidaya, sura 11, tana cikin abincin Masar da Isra'ilawa suka tuna da shi cikin jeji har suka yi gunaguni. Mutane ne suka ɗora mata kayan da ba nata ba, ga kuwa yadda abin ya faru.

A shekarar 1619 aka sauke 'yan Afirka na fari a Virginia, bauta kuwa ta daɗe a ƙasar har shekarar 1865, sa'ad da yaƙin basasa ya ƙare aka hana ta bisa doka. Mutum wajen miliyan 4 suka sami 'yanci. Yawancinsu ba su da gona, ba su da jari. Waɗansu suka shiga noman kankana, suna sha, suna kai saura kasuwa, suna samun kuɗin da ba wanda zai ƙwace musu. A garin Gordonsville, cikin Virginia, mata baƙar fata suka riƙa soya kaji suna ɗauka a ka, suna sayar wa fasinjojin jirgin ƙasa ta taga, da haka suka ciyar da gidajensu. Ashe kuwa kankana da soyayyar kaza alamar ƙoƙari ne da neman na kai.

Waɗanda ba su ji daɗin 'yancin nan ba suka juya abin. Aka shiga buga zane a jaridu da katin gidan waya, ana nuna baƙin mutum da ƙaton baki, ya rungumi kankana, ruwa na zuba a ƙirjinsa. Abin da zanen ke faɗi shi ne, mutanen nan ragwaye ne, ƙazamai, masu hankalin yara, a ba su kankana kawai su manta da maganar ƙuri'a da makaranta. A shekarar 1915 aka fito da wani fim mai suna The Birth of a Nation, wanda ya yabi ƙungiyar Ku Klux Klan mai kashe baƙar fata. A ciki aka nuna baƙaƙen wakilai cikin majalisa, wani ya ɗora ƙafa ba takalmi a kan tebur, wani yana shan giya, wani yana yagar kaza. Dubban mutane suka kalla suka yi dariya. Shekara da shekaru ana haka, har abin ya zauna cikin kawunan mutane.

Saboda haka in baƙin Ba'amurke ya kwance ƙunshi a gaban abokan aikinsa ya ga kankana, abin da ya ke gani ya fi kankana. Yana ganin zanen da aka yi wa kakansa ba'a da shi. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke yi masa yoyo. Haka kuma ayaba ta zama a filayen ƙwallo na Turai, inda a ke jefa wa baƙin ɗan wasa ita domin a ce masa biri, kamar yadda aka yi wa Dani Alves a Sifen a shekarar 2014.

"Ai ban yi da mugun nufi ba"

Ga wani abin da ya faru a birnin Detroit a shekarar 2017. Yawancin mutanen birnin baƙar fata ne. Masu kashe gobara na can suna da al'ada, sabon ma'aikaci ya kan kawo wa waɗanda ya tarar a tashar 'yar kyauta, galibi wani abin maƙulashe mai kama da fanke. Wani sabon ma'aikaci, farar fata, wanda bai gama kwanakin gwaji ba tukuna, ya zo tashar da kusan dukan ma'aikatanta baƙaƙe ne, ya kawo kankana da ɗaurin ƙyalle a kanta. Waɗansu suka ji zafi ƙwarai, suka kai ƙara, aka sallame shi daga aiki. Shi kuwa ya ce bai yi nufin ɓata wa kowa rai ba. Har waɗansu baƙaƙe cikin abokan aikinsa suka fito suka tsaya masa, suka ce sun san shi, ba mai ƙin baƙar fata ba ne.

Ba mu ne za mu yanke wa mutumin nan shari'a ba, gama Allah kaɗai ke ganin zuciya. Amma labarin yana koya mana abu biyu. Na fari, mutum yana iya yi wa ɗan'uwansa rauni ba da nufi ba, raunin kuwa na gaske ne. In ka taka ƙafar mutum cikin duhu, rashin ganinka bai rage masa zafi ba. Na biyu, rashin sani yana da tsada. Mutumin nan ya rasa aikinsa, abokan aiki suka rabu biyu, a kan abin da tambaya ɗaya za ta iya hanawa. Matambayi ba ya ɓata.

Ƙasar Amurka tana da doka tun shekarar 1964 wadda ta hana a nuna wa ma'aikaci bambanci saboda launin fata, ko addini, ko ƙasar asali, ko zamansa namiji ko mace. Kotunan ƙasar kuma sun ce in ba'a da tsokana suka yi tsanani ko suka yawaita har wurin aiki ya zama wurin azaba, wannan ma keta doka ne. Doka ce mai kyau. Amma doka manyan laifofi ta ke kamawa. Ba ta iya shiga kasuwa tare da kai sa'ad da ka ke zaɓen kyauta. Mai bin Yesu Kristi kuwa ba tsoron kora ke tsare shi ba. Manzo Yakubu ya tuna mana da dokar Sarkinmu, ta ƙaunar maƙwabci, ya kuma faɗi a fili cewa nuna bambanci tsakanin mutane zunubi ne. Bai kira shi ƙaramin kuskure ba.

Natanayilu da Yesu

Yanzu mu koma ga karatunmu. Filibus ya sami Natanayilu da labari mai daɗi, cewa sun ga wanda Musa da annabawa suka yi maganarsa, mutumin Nazarat ne. Da jin sunan garin sai Natanayilu ya yi tsaki, a ganinsa ba abin kirkin da zai fito daga can. Ku lura, bai taɓa ganin Yesu ba, bai ji koyarwarsa ba, bai san kome a kansa ba sai sunan garinsu. Da wannan kaɗai ya gama yanke hukunci. Kuɗin goro ke nan. Natanayilu kuwa ba mugu ba ne, Ubangiji kansa ya shaida shi mutum ne marar ha'inci. Ashe mutumin kirki ma yana iya ɗaukar wannan cuta bai sani ba, domin tun yana yaro ya ke jin ana faɗin haka a gari.

Filibus bai tsaya gardama ba, sai ya ja shi ya je ya gani da idonsa. Da suka iso kuwa, dubi yadda Yesu ya karɓe shi. Bai yi masa magana a kan Kana, garinsu, ko a kan halin Galilawa ba. Ya faɗi halinsa shi kansa, ya kuma gaya masa ya gan shi tun yana gindin ɓaure, kafin Filibus ya kira shi. Natanayilu ya dubi Yesu ya ga gari. Yesu ya dubi Natanayilu ya ga Natanayilu. Nan take mutumin ya ba da gaskiya, domin ya gane an san shi.

'Yan'uwa, zuciyar ɗan adam tana marmarin a san ta. Shi ya sa ranar haihuwa ta ke da nauyi. Sauran bukukuwa na jama'a ne, Kirsimati ta kowa ce, sabuwar shekara ta kowa ce. Amma ranar haihuwa ta mutum ɗaya ce, ranar da Allah ya kawo wannan rai duniya, wanda ba a taɓa yin irinsa ba, ba kuwa za a sāke ba. In a wannan rana ce aka ba shi kyautar da za a iya ba kowane baƙi, ko kowane mutumin Meksiko, an gaya masa ke nan, shekara biyar muna aiki tare amma ban taɓa ganinka ba, fatarka kaɗai na gani.

"Ai wasa ne"

Wani zai ce, malam, ka cika tsanani, mu ma muna da wasa tsakanin kabilu. Gaskiya ne. Bafulatani da Babarbare su kan yi wa juna ba'a, Bakatsine da Banufe, Bagobiri da Bayarabe, ba kuwa mai jin haushi, har wasan ya kan ƙara danƙon zumunci. Amma mu duba abin da ya sa wannan wasa ba ya jawo faɗa. Dukansu biyu sun gāje shi, sun yarda da shi. Kowa yana da ikon ramawa, in ka faɗi ɗaya ya faɗi biyu. Ba kuwa wanda abincinsa ke hannun ɗayan. A ofis kuwa, in mutum shi kaɗai ne irinsa cikin mutum ashirin, shugabansa ma yana cikin masu dariya, ina zai sami bakin ramawa? Sai ya yi murmushin dole, ya ce na gode, ya koma gida da abin a ransa. Littafin Misalai, sura 26, ya kwatanta mai cutar maƙwabcinsa sa'an nan ya fake da wasa da mahaukacin da ke harba kibau masu wuta.

Ko abota ba ta isa ta wanke irin wannan wasa ba. A shekarar 2014, a birnin New York, aka ba wata marubuciya baƙar fata, Jacqueline Woodson, babbar lambar yabo ta ƙasa saboda littafinta na yara. Mai gabatar da taron, Daniel Handler, abokinta ne. Da ta karɓi lambar sai ya gaya wa taron, cikin raha, cewa jikinta ba ya karɓar kankana. A daren da ya kamata a yi maganar aikinta sai aka koma maganar tsohon zagin nan. Daga baya ta rubuta a jarida yadda abin ya soke ta. Amma mu ga ƙarshen labarin. Mutumin bai tsaya yana kāre kansa ba. Ya fito a fili ya ce abin da ya yi wariyar launin fata ne, ya roƙi gafara, ya kuma ba da kuɗi masu yawa ga wata ƙungiya mai ƙoƙarin yaɗa littattafan yara na kowane irin jama'a. Wannan ya tuna mana da Zakka, wanda tubansa bai tsaya a baki ba.

Masu kallo

Bukin ranar haihuwa biyu ne a ka ba da labarinsu cikin Littafi Mai Tsarki, na Fir'auna cikin Farawa sura 40, da na Hirudus cikin Markus sura 6. Hirudus ya tara hakimansa da shugabannin sojansa da manyan Galili. Da yarinyar nan ta roƙi kan Yohanna Mai Baftisma, ransa ya ɓaci ƙwarai, amma saboda rantsuwarsa da idon baƙinsa ya ƙi janyewa. Cikin dukan manyan da ke zaune ba a rubuta ko ɗaya da ya buɗe baki ba. Ba mu ce kyautar ba'a daidai ta ke da kisan kai ba. Amma tsoron idon jama'a iri ɗaya ne, ko cikin babban abu ko cikin ƙarami.

Bitrus ma ya fāɗa cikin wannan. Shi ne Allah ya nuna wa wahayi a Yafa, ya shiga gidan Karniliyus Baroma, ya ga Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa al'ummai. Duk da haka a Antakiya, da waɗansu suka zo daga Urushalima, sai ya janye daga cin abinci tare da al'ummai, har Barnaba ya bi shi. Bulus ne ya tsaya ya tsauta masa a gaban kowa, kamar yadda ya ba da labari cikin Galatiyawa sura 2. In manzo ya iya zamewa saboda idon mutane, kada waninmu ya ce ya fi ƙarfin haka. Kyautar karo-karo ba mutum ɗaya ke saye ba. Wani ya kawo shawara, saura suka yi dariya suka ba da kuɗi. Da mutum ɗaya ya ce, 'yan'uwa, mu sāke tunani, da an tsira.

Abin da ya kamata mu yi

Da yawa cikin masu karanta wannan takarda suna aiki a asibiti, ko makaranta, ko ofis, tare da mutanen kabilu da yawa, waɗansu kuma 'ya'yansu suna aiki a Ingila da Amurka. Karo-karon ranar haihuwa da na sallama ya zama ruwan dare a wurinmu ma. To, ga shawara.

Kai mai bayarwa, kafin ka biya kuɗi ka tambayi kanka, me ya sa na zaɓi wannan abu? In amsar ita ce, domin na ji shi yana cewa yana so, ko na ga jakarsa ta tsufa, ko na san yana son noma, to, madalla. Ko kankana ce ma, in ka sani lalle shi kansa yana sonta, kun kuma saba har ba zai yi zaton kome ba, ka kai masa gida, ba laifi. Amma in amsar ita ce, ai irinsu haka su ke so, ka ajiye abin. In kuwa ka ga ba ka san kome a kansa ba sai kabilarsa, to, ka gane inda aikinka ya ke. Ka zauna kusa da shi lokacin cin abinci, ka tambayi lafiyar iyalinsa, ka ji labarinsa. Kafin nan, kati da gaisuwa mai kyau sun isa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

In ka riga ka yi kuskuren, aka gaya maka, kada ka ce ya cika fushi, kada ka tara shaidu su faɗi kirkinka. Ubangiji ya koya mana cikin Matiyu sura 5 cewa sulhu da ɗan'uwa yana gaba da baikon da za mu kai bagadi. Je ka same shi shi kaɗai, ka ce, na yi maka laifi, ban sani ba, yanzu na sani, ka gafarta mini. Wannan ba ya rage girman mutum.

Kai kuma wanda aka yi wa, ba a ce ka haɗiye ka yi kamar ba kome ba. Yin shiru da ƙullaci a ciki ba gafara ba ne. Ka bari zuciyarka ta huce, sa'an nan ka bi hanyar da Matiyu sura 18 ta nuna, ka fara samun mutumin tsakaninku biyu, ka gaya masa abin da kyautar ta faɗa maka. Watakila Natanayilu ne, mutumin kirki wanda ya gāji maganar gari, za ka kuwa zama masa Filibus. In ya ƙi ji, abin kuma ya ci gaba, kana da hanya ka kai maganar gaba wurin shugabannin aiki, wannan ba rashin bangaskiya ba ne, gama kana tsare waɗanda za su zo bayanka. Sai dai ka tsare zuciyarka, kada kai ma ka juya ka yi wa dukan jama'arsa kuɗin goro saboda laifin mutum ɗaya.

A ƙarshe mu tuna da irin kyautar da mu muka karɓa. Allah ya san mu sarai, da sunanmu, da rauninmu, da gindin ɓauren da kowannenmu ya taɓa zama shi kaɗai. Da ya tashi yi mana kyauta kuwa, bai ba Bayahude wani Mai Ceto ya ba Baheleni wani ba, bai ware wa baƙi ƙaramin rabo ba. Ɗansa ɗaya ya bayar domin kowa, Makiyayin da ke kiran kowace tunkiya da sunanta. Wanda ya karɓi irin wannan kyauta bai kamata hannunsa ya miƙa raini a naɗe cikin takarda mai ado ba.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, kai da ka halicci dukan al'ummai, ka gafarta mana inda muka dubi 'yan'uwanmu muka ga fata da kabila kaɗai. Ka tsabtace zukatanmu daga maganganun da muka gāda ba mu auna su ba. Ka ba mu tawali'u mu roƙi gafara, ka ba mu ƙarfin hali mu yi magana sa'ad da saura ke dariya, ka warkar da waɗanda aka yi wa rauni. Bari kyautarmu da maganarmu a wurin aiki su zama shaida gare ka. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.